Buhu da Tiya a Sararin Samaniya

Yau daga kasuwar Gwaram za mu faro, wajen 'yan hatsi. Ba a taɓa ganin ma'auni ya zauna yana ƙirga ƙwayar gero ba. Tiya yake lissafawa, in ta cika 40 ya ce buhu, ya ɗinke baki. Dabarar nan ce ɗalibanmu na sakandare ke haɗuwa da ita a darasin lissafi, su tsorata don an sauya mata riga.

Ga nauyin duniyarmu a kilo: ka rubuta 597, ka jera masa sifiri 22. Ko malamin da ya rubuta a allo sai ya sake ƙirga sifiran da yatsa. Shi ya sa masana ke cewa 5.97 sau goma mai hawa 24, wato goma da aka ninka da kanta har sau 24. Kowane hawa ninki goma ne. Marrihu, jan tauraron nan, nauyinsa 6.42 ne a hawa na 23. Mai gaggawa zai ce ya fi duniya, tunda 6 ta fi 5. To amma wa zai ba da takarda 5 'yan dubu-dubu ya karɓi 6 'yan ɗari-ɗari? Hawan ake fara dubawa, kuma da shi za a gane Marrihu kusan kashi ɗaya ne cikin goma na duniya. Mushtari kuwa 1.9 ne a hawa na 27. Hawa uku ke tsakaninsa da mu, dubu ke nan, sai a raba 1.9 da 5.97, a samu ya ninka duniya sau 318.

Na san wani a Birnin Kudu zai ce, wa ya ɗora Mushtari a sikeli? Tambayar tana kan hanya. Ba a ɗaga shi, aikinsa ake aunawa. Ka'idar da Newton ya wallafa a 1687 ta nuna cewa gwargwadon nauyin abu, gwargwadon jan da yake yi wa na kusa da shi. Watanmu na nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, yana kammala zagaye cikin kwana 27 da 'yan awoyi. Da waɗannan biyu, da ƙarfin jan da aka fitar daga gwajin Cavendish na 1798 da curin dalma, nauyin duniya ke fita. Mushtari ma watanninsa ne suka tona shi, musamman huɗun da Galileo ya hango a 1610.

Zara matar wata ce ta ba da wuya, don ita ba ta da wata nata. Sai da kumbon Amurka Mariner 2 ya gifta ta a 1962, aka ga yadda ta karkatar da shi, kafin aka daidaita lissafinta. Yau ana rubuta 4.87 a hawa na 24, hawa ɗaya da mu.