Bayan rasuwar uwa ko uba

Kai mai karatu, in ka taɓa rasa uwa ko uba, ka san kwana ukun zaman makoki sun fi sauƙi, don kana cikin mutane. Wuyar sai ƴan gaisuwa sun watse, gida ya yi tsit.

Kada ka ji kumyar kuka. Hawaye ba rashin imani ba ne. Annabi (SAW) ya tashi maraya. Babansa Abdullahi ya rasu tun ba a haife shi ba, uwarsa Amina ta rasu yana da shekara 6. Da ya girma ya ziyarci kabarinta, har ya yi kuka.

To, mi za ka yi ma mamacinka? Da farko, a biya bashin da ke kansa kamin a raba gado. Ka riƙa yi masa addu'a. Ka gaida abokansa da danginsa, kada zumunci ya mutu tare da shi. In baba ne ya rasu, inna za ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Kada ku bar ta ita kaɗai.

Amma ka yi hattara. Kada ka saida gona ko ka kwashe rumbu don sadakar arba'in. Sadaka daidai ƙarfi take. Ƙannenka za su ci tuwo har damana.

Ka ci abinci, ka koma bakin aikinka. In ɗaya cikin iyayenka na da rai, je ka gaishe shi yau.