Tsakanin Mai Mota da Makanike a Maiduguri: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Wanda ya zaga garejojin Yerwa, wato Maiduguri, daga hanyar Baga zuwa hanyar Bama, zai lura cewa masu mota ba sa tafiya idan sun kawo gyara. Ma'aikaci ya bar ofis, ɗan kasuwa ya bar rumfa, ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, idonsa na kan hannun makanike har la'asar. Wasu kuma sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya, sun sayi sifana da jak, sun koma kallon bidiyon gyara a waya. Rashin yarda ne ya jawo duka biyun, kuma yana da tushe. Sai dai a ganina, zaman gadi da kwance inji a ƙofar gida duk ba su ne magani ba.

Daga ina rashin yardar ya samo asali?

Idan ka sayi shadda, kana iya murza ta ka gane kyanta. Gyaran mota ba haka yake ba. Wanda zai gaya maka abin da ya lalace shi ne wanda zai ci kuɗin gyaran, kuma ko bayan an gama ba ka da hanyar sanin ko aikin ya zama dole. Da zarar an ce, "Alhaji, sai an sauke inji," magana ta ƙare, domin ba ka da hujjar musu.

Koke-koken sanannu ne: a karɓi kuɗin sabon kaya a ɗaura tsoho, a canza abu uku ana laluben guda ɗaya, a bar wa yaran gareji aikin da aka yi ciniki da oga, ko mota ta kwana ɗaya a gareji a cire mata abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda ake kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Amma adalci shi ne a saurari makanike ma. Mu masu mota ba ma biyan kuɗin gano cuta. Mutum zai yi awa biyu yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya gano inda ta tsinke, sai a ce masa, "Ai ɗan ɗaure waya kawai ka yi." Idan aka danne kuɗin aiki, ribar sai ta ɓuya a cikin kuɗin kaya da la'adar da mai shago ke bayarwa. Sannan ga kalmar da ta fi kashe motoci a ƙasar nan: "Ka lallaɓa min ita." Mai mota ne ke faɗinta, ba makanike ba. In lallaɓawar ta warware a hanya, sunan makanike ne ke ɓaci.

Motar ta sauya, garejin bai sauya ba

Manyan ogogin da suka horar da kanikawan yau sun ƙware ne a kan Peugeot 504 da ire-irenta, waɗanda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975. Mota ce mai kafireto, da kunne ake gane ciwonta. Motocin Beljiyam da Kwatano da suka cika titi yanzu kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai da iska. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto abin da ke damun inji. Makaniken da ba shi da wannan na'ura, ko bai iya fassara abin da ta nuna ba, dole ya koma canke. Yawancin abin da muke kira cuta, rashin horo ne.

Misali mafi kusa shi ne cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zagayawar ruwa a inji. Idan inji ya yi zafi, ana cewa na ƙasar sanyi ne, sai a cire, a haɗa fanka kai-tsaye. Da safiyar hunturu injin ba zai kai ɗumin da aka tsara masa da wuri ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Ainihin abin da ya kawo zafin, ko toshewar lagireto ne ko famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba.

Kayan gyara da faɗuwar naira

Kusan duk kayan da ake ɗaurawa a Maiduguri sun yi doguwar tafiya, daga Ladipo a Legas, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da jabu mai kwali mai kyau. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, litar fetur kuma ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 bayan cire tallafi. Aljihu ya ƙone, kowa ya koma neman mai araha, jabu ya samu kasuwa, har da baƙin mai. Idan fulogi ya mutu bayan sati biyu, ba lallai makanike ne ya ci amanarka ba, wataƙila shi ma an sayar masa da gaibu.

Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a nan

A watan Afrilu zafin Maiduguri kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe filtar iska cikin ɗan lokaci. Sai maganar hanya. A wani garin, lalacewar mota ɓata lokaci ce kawai. A kan hanyar Damaturu, mai tsawon kusan kilomita 130, jinkiri na iya zama maganar rai. Ba mu manta da daren 9 ga Fabrairun 2020 a Auno, da ke kan wannan hanya, ba, lokacin da aka hallaka matafiya kusan 30 da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri. Direban da ya san wannan ba zai yi wasa da batun amanar makanike ba.

Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta ƙara wani darasin. Motoci da keke napep masu yawa sun nutse a Gwange da Fori da sauran unguwanni. Motar da ta sha ruwa, babban kuskure shi ne a yi mata ki don a ji ko za ta tashi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In yana cikin silinda, fistin ya buge shi, sandarsa ta lanƙwashe, injin ya tafi. Wayoyi kuma kan yi tsatsa a hankali, matsala ta ɓullo bayan watanni. Mai sayen mota ta hannu a garin nan ya ɗaga kafet ya duba laka, ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujera.

Abin da za ka iya yi da hannunka

Ka fara da baƙin mai. Mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, inji ya huce, ka zaro sandar gwaji, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar. In ka ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, kada ka tuƙa. Filtar iska kana iya buɗewa ka kakkaɓe ko ka canza. Kan batir in ya yi farin gari, ka cire waya mai alamar ragi tukuna, ka goge. Lagireto a zuba masa ruwansa na musamman, domin ruwan burtsatse na barin gishiri da tsatsa. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya da kwaltar Afrilu ba sa jituwa, komai kyan zanenta.

Ƙaramar na'urar karanta inji da ake haɗawa da waya ma tana da amfani, da sharaɗi ɗaya. Lambar da za ta nuna tana faɗin inda aka ji ciwo ne, ba abin da za a canza ba. Amfaninta shi ne ka shiga gareji da abin tattaunawa.

Inda ya kamata ka tsaya

Birki, sitiyari, jakar iska, giyabos, cikin inji da tukunyar gas, ka bar wa masu su. Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, musamman a kan yashin Yerwa. Motoci masu lantarki kuma sun fara yawa a gari, tun daga bas-bas ɗin da Mustapha Gajibo ya riƙa mayarwa masu batir har zuwa waɗanda gwamnatin Gwamna Zulum ta kawo. Wayoyinsu masu ruwan lemo na iya ɗauke da wutar da ke kisa nan take.

Ciniki, da abin yi idan an samu saɓani

Ka raba kuɗin aiki da kuɗin kaya tun farko, ka biya na aikin da daraja. Ka ce a nuna maka abin da ya lalace kafin a cire, a kuma ba ka tsohon bayan an canza. Makanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. A rubuta abin da aka yi da ranarsa, ko a saƙon waya ne. In an ce sai an sauke inji, ka nemi ra'ayin wani garejin kafin a kwance ƙusa ɗaya, domin bayan an kwance ba ka da sauran ƙarfin ciniki.

In abu ya ɓaci, ka fara da shugaban garejin, sannan ƙungiyar kanikawa ta NATA, wadda kan sasanta irin wannan kafin a kai ga 'yan sanda ko kotu. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ma ya yi magana: mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su, shi ke da lamunin abin da ya ɓata ko ya lalace a hannunsa, sai in akwai shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Saboda haka kafin ka miƙa makulli, ku zaga motar tare da ogan, ku duba awon mai, safaya, batir da salansa, ka ɗauki hotonsu a gabansa.