Taron Landan na 1926 da Ya Sassauta Linzamin Ingila

A watan Oktoban 1926, firayim ministan Birtaniya Stanley Baldwin ya karɓi baƙuncin wakilan ƙasashe shida da ke ƙarƙashin sarautar Ingila amma suke tafiyar da harkokinsu na cikin gida: Kanada, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu, Ayalan da Newfoundland.

Biyu daga cikin baƙin sun zo a wuya. Firayim minista Mackenzie King na Kanada bai huce ba, domin a shekarar ce gwamna janar Lord Byng ya ƙi amincewa da buƙatarsa ta rushe majalisa a yi sabon zaɓe. Janar Hertzog na Afirka ta Kudu kuwa, wanda ya taɓa ɗaukar bindiga a kan Ingila a Yaƙin Boer, ya kafe sai an rubuta matsayin ƙasarsa ƙarara.

Kwamitin da Arthur Balfour ya jagoranta ya fitar da matsaya: ƙasashen nan da Birtaniya matsayinsu ɗaya, ba wadda ke ƙarƙashin wata a harkokin gida ko na waje, mubaya'a ga sarki ce ta haɗa su. Gwamna janar ya koma wakilin sarki kawai, ba ɗan aiken gwamnatin Landan ba. A 1931 Dokar Westminster ta tabbatar da hakan.

Sai dai daidaiton na ƙasashen da Turawa ke riƙe da su ne. Indiya ta halarci taron, amma ba a sa ta cikin rabon ba. Najeriya ko kujera ba ta samu ba. A lokacin, gwamnan da Landan ta turo ne ke yanke hukunci a Legas.