Shin Ko Kun San? Wa'adin Gurbi a Rumbun Bayanai

Shin ko kun san cewa cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978? Ɗaliban kwamfuta a can sukan ci karo da SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970.

Ko kun san ana iya ajiye jerin umarni a cikin rumbun kansa, a riƙa kiransa da suna duk lokacin da ake buƙata? MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, ya fara karɓar irin wannan ajiyayyen umarni a siga ta 5.0, a 2005.

Cikin umarnin akwai gurabe, inda ake ajiye lamba ko suna kafin a gama lissafi. Kowane gurbi da iyakarsa da wa'adinsa. A MySQL, gurbin da aka buɗe da DECLARE tsakanin BEGIN da END nan ya tsaya. Umarni na ƙarewa, ya mutu.

Amma gurbin da sunansa ya fara da alamar @ dogon rai gare shi. Yana nan da abin da ke cikinsa har sai an katse haɗi da rumbun. Ku ɗauka ana tara makin ɗalibai, aka manta ba a mayar da gurbin sifili ba: makin na farko sai ya hau kan na biyu. Tamkar mai shago ne a kasuwar Sabon Gari da bai goge kalkuleta ba ya shiga lissafin wani mai saye. Abin takaicin, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, don a wurinta ba a yi laifi ba. Ni dai a ganina, in ba dole ba, a bar @ ɗin nan.

Shin ko kun san alamar nan ɗaya ce, amma a SQL Server na Microsoft ma'anarta daban? A can gurbi mai @ gajeren rai ne, ba ya wuce umarnin da aka haife shi a ciki. A rumbun Oracle kuwa, guraben da ke cikin ƙunshin umarni suna rayuwa har ƙarshen zaman mai aiki.

Sai mai haɗarin. A MySQL, idan sunan gurbi ya zo ɗaya da sunan wani sashe na teburin bayanai, gurbin ake fifitawa. Wanda ya ba gurbinsa suna id, ya sa masa lamba, sannan ya rubuta a goge inda id = id da nufin cire ɗalibi guda, to sharaɗin ya cika a kan kowane layi, kuma za a share teburin gaba ɗaya. Shi ya sa gogaggu ke liƙa wa sunan gurbi harafi a gaba, kamar v_id.