Yadda Za Ka Zaɓi Babur Idan Doka Ta Ƙayyade Ƙarfin Inji

A Azarori da ƙauyukan da ke kewaye da ita, babur ya zama jakin zamani. Da shi ake zuwa kasuwar Madawa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi kuma ake hawan duwatsun Buza da Keita. Mutum yakan sayar da albasar shekara guda, ko ya tara kuɗin ci-rani, kafin ya mallaki ɗaya. Saboda haka kuskure wajen saye ba ƙaramar asara ba ce. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne mutum ya biya kuɗi, sa'an nan ya tarar doka ba ta yarda ya hau wannan babur a wurin da yake nufin aiki da shi ba. Lambobi biyu ne za su kare ka daga wannan: lambar girman inji da lambar ƙarfinsa.

Mene ne girman inji?

A cikin injin babur akwai wani rami mai kama da gwangwani, ana kiransa silinda. A nan ne mai da iska suke haɗuwa su kama wuta, su tura fistin, fistin kuma ya juya taya ta hanyar sarƙa. Yawan wurin da fistin yake sharewa a cikin silinda shi ne girman inji. Ana rubuta shi da lamba, a bi ta da "cc" ko "cm3". Duka biyu abu ɗaya suke nufi.

Lita ɗaya daidai take da cc 1000. Ke nan injin cc 125 kashi ɗaya ne cikin takwas na lita. Lambobin da aka fi gani a jikin baburan ƙasarmu su ne 100, 110, 125 da 150. A takardun da aka rubuta da Faransanci, nemi kalmar "cylindrée". Lambar da ke gabanta ita ce girman injin.

Mene ne ƙarfin inji?

Girma dabam, ƙarfi dabam. Inji biyu suna iya zama girma ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kamar yadda shanun huɗa biyu masu tsayi ɗaya ba lalle su ja garma daidai ba. Ana auna ƙarfi da kilowat, wanda ake rubutawa "kW", ko da ƙarfin doki. Kilowat ɗaya ya ɗan fi ƙarfin doki ɗaya da sulusi. Babur mai cc 100 yakan ba da ƙarfin doki wajen 8, mai cc 125 wajen 10 ko 11, mai cc 150 wajen 12.

A ina ake ƙayyade ƙarfin inji?

Iyakar da doka ke sakawa iri biyu ce.

Ta farko iyaka ce ta sama, wato kada inji ya wuce kaza. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga watan Janairu na 2013, lasin babur ya kasu hawa-hawa. Mai lasin A1 ba zai hau abin da ya wuce cc 125 da kilowat 11 ba, wato ƙarfin doki 15. Mai lasin A2 iyakarsa kilowat 35. A Faransa, tun 2016, duk sabon mahayi sai ya yi shekara biyu da A2 kafin a ba shi damar hawan babban babur, komai shekarunsa. Dalili shi ne sabon hannu ya fi yin haɗari, kuma inji mai ƙarfi ba ya jiran mutum ya gyara kuskurensa.

Ta biyu iyaka ce ta ƙasa, wato kada inji ya kasa kaza. Wannan ta shafi ƴan ci-ranin Adar da ke tafiya Nijeriya sana'ar kabu-kabu. A 2012 gwamnan Legas, Babatunde Fashola, ya sa hannu a dokar da ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba bin manyan hanyoyi 475. Mafi yawan masu haya ƙananan babura gare su, sai aka yi ta kamawa. Wasu suka sayi masu cc 200 don su tsira. Amma a watan Fabrairu na 2020 aka hana haya da babur a manyan sassan birnin, har da masu babban injin.

Wani lokaci kuma hukuma kan hana babur saboda tsaro, ba tare da duba girman inji ba. An hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a 2013, an hana zirga-zirgar babura a jahar Difa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020.

Darasin a fili yake: doka tana sauyawa, kuma ta wannan gari ba ita ce ta wancan ba. Kafin ka saya, je wurin jandarma ko ma'aikatar sufuri ka faɗi girman injin da kake so da wurin da za ka yi aiki, ka tambayi irin lasin da ake buƙata. Matambayi ba ya ɓata.

Wane babur ya dace da aikinka?

Bayan ka san iyakar doka, sai ka zaɓi abin da ya fi dacewa a cikinta. Yi wa kanka tambaya uku: me zan ɗauka, wace hanya zan bi, nawa zan iya kashewa a mai kowane mako?

• Mai cc 100 ko 110: ba shi da nauyi, ba ya shan mai da yawa. Ya dace da malamin makaranta, ƙaramin ɗan kasuwa, da mai bin kwalta tsakanin Madawa, Galmi da Birnin Ƙonni. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai koyo.

• Mai cc 125: tsaka-tsaki ne. Yana ɗaukar mutum biyu da ɗan kaya, yana jure hanyar jar ƙasa, kuma kowane makanike ya san shi.

• Mai cc 150: ya fi jan kaya a rairayi da hawan tudu irin na Buza da Keita. Amma ya fi tsada, ya fi shan mai, kuma idan ya faɗi cikin yashi ɗaga shi aiki ne.

Ka tuna, ba inji kaɗai ke ɗaukar kaya ba. Babban buhun albasa yana iya kai kilo 100. Idan firam, taya da birki ba su da ƙwari, ƙarfin inji zai kai ka ga haɗari ne da sauri. A hanyar karkara, faffaɗar taya mai haƙora da tsayin cikin babur daga ƙasa sun fi gudu amfani.

Abubuwan dubawa kafin ka biya kuɗi

1. Karanta lambar girman inji a takarda, ka gwada ta da wadda aka buga a jikin injin. Kada ka dogara da rubutun da aka manna a tanki, domin kowa na iya sauya shi.

2. Gwada lambar shasi da ke wuyan babur da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. Idan sun saɓa, bar shi.

3. Nemi takardar duwan da rasiɗin saye. Babur marar takarda yana da araha, amma araha ba ta ado: ana iya karɓe shi a shingen farko.

4. Tambayi makanike ko ana samun kayan gyaransa a Madawa ko Ƙonni. Babur da za a jira kayansa daga Yamai zai daɗe a jingine.

5. Ware kuɗin lasin, inshora, lamba da hular kwano tun kafin ka je kasuwa.

Kada ka ƙara wa inji ƙarfi a ɓoye

Wasu sukan sa makanike ya sauya silinda da babba, alhali takarda tana nuna ƙaramar lamba. Wannan yana da illa uku. Birkin da aka ƙera don ƙaramin inji ba zai tsayar da babba da wuri ba. Injin zai riƙa zafi, ya mutu kafin lokacinsa. Idan kuma aka yi haɗari aka gano babur ya saɓa wa takardarsa, kamfanin inshora yana iya ƙin biya, nauyin jinya da diyya ya dawo kanka.

Idan kana son babur ya ba da dukan ƙarfinsa, kula da shi. Sauya baƙin mai a kan lokaci, wanke matatar iska musamman da hunturu lokacin ƙura, gyara jan sarƙa, ka duba iskar taya kowace safiya.

Gwada lissafinka

Ga hanyar sanin shan man babur. Cika tanki, ka rubuta lambar da ke agogon kilomita. Bayan kwanaki ka sake cikawa, ka rubuta sabuwar lamba da yawan litar da ya sha. Ɗebe tsohuwar lamba daga sabuwa, ka raba abin da ya rage da yawan lita. Misali, idan ka yi kilomita 120 da lita 3, babur ɗinka yana yin kilomita 40 da lita ɗaya. Yi wannan lissafi da baburan maƙwabta biyu masu inji dabam-dabam kafin ka yanke shawara.

Idan ranar saye ta zo kuma karatun takardun ya yi maka wuya, tafi da malamin ajinku na yaƙi da jahilci ko wani amintacce da ya iya Faransanci. Ku karanta lambobin tare, sa'an nan ka ƙirga kuɗi.