Makaɗin Abzin Da Ya Bi Ta Sakkwato Har Amurka

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Sabon Gari a nan Zariya, ko bakin titin Samaru daura da Jami'ar Ahmadu Bello, ya san samarin nan masu tura wa mutane waƙoƙi cikin waya. To, jama'a, ga labarin wani makaɗi wanda ta irin wannan hanya sunansa ya fita duniya.

Sunansa na yanka Mahamadu Sulaiman, amma an fi saninsa da Mdou Moctar, sunan da ƙungiyarsa ma take amsawa. Ba'abzine ne, mutumin jihar Tawa ta ƙasar Nijar. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, saboda haka jitarsa ta fari da hannunsa ya sassaƙa ta, ya ɗaura mata wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Ga shi kuma bahago.

Cikin 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na fari, waɗanda ya kira Anar. Da harshen Abzinawa ya rera su, amma ya ɗora su bisa salon waƙoƙin fim na Hausa, watau kiɗan kwamfuta da muryar da na'ura ta gyara. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu cikin Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya, ya sa ta cikin wani faifai a 2011. Sa'an nan ya bi sawun mai ita har ya same shi, ya kai masa jita irin ta bahagwai.

Bayan wannan ƙungiya ta tsayu da mutum huɗu: shi kansa, da Ahmudu Madasan mai jita ta biyu, da Sulaiman Ibrahim mai ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jita mai kaurin murya. Sun fitar da Ilana a 2019, da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024.

Yaya kiɗan yake? Turawa suna lissafa shi cikin wani reshe na rok wanda ya tashi a Amurka da Ingila wajen 1966, wanda ke sa mai sauraro ya ji kamar yana mafarki ido biyu. Jimi Hendrix, shi ma bahago, yana cikin mashahuransa. Akan ƙure na'urar ƙara sauti har muryar jita ta dushe ta yi gurnani, a riƙe karin kiɗa guda ana maimaitawa, sa'an nan babban makaɗi ya saki yatsunsa ya daɗe yana yawo bisa tsirkiya. Waƙar Afrique Victime ta haura minti bakwai: a hankali take farawa, ganguna na ƙara sauri, har ta ƙare kamar sukuwar sallah. Amma fa ginshiƙin abin na gida ne, gama daga takamba da kiɗan jitar Abzinawa na wuraren biki a Agadas aka ɗauko shi.

Waƙoƙin kuwa ba na soyayya kaɗai ba ne. Suna kuka a kan halin da Faransa ta bar ƙasarsu, da ma'adinin yuraniyom da aka shekara ana haƙa a Arlit alhali talakawa da yawa ba su da lantarki. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Amurka ya riske su, suka ɗauki lokaci ba damar komawa gida.

Abin lura ga matasanmu na Samaru da Sabon Gari shi ne, a ɗakin ɗaukar waƙa na Hausawa wannan mutum ya fara, amma duniya ba ta miƙe masa tsaye ba sai da ya kama tsirkiya da kiɗan iyayensa. Mu ma muna da garaya da gurmi da kukuma, kuma marigayi Ɗan Maraya Jos ya kai kuntigi ƙasashen waje. In kwamfuta ta cinye waɗannan, me za mu kai kasuwar duniya wanda babu shi a can? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa masu kunne su ji.