Ruwan da Ke Ɓuya Cikin Man Inji

Yau za mu leƙa tankin mai ne, musamman man inji da ake haɗawa daga man tsirrai, wanda ake kira biyodizal, mu ga yadda ake raba shi da ruwa.

A shekarar 1900, a babban baje kolin duniya na birnin Paris, an tayar da wani injin dizal yana aiki a gaban 'yan kallo, kuma man da yake sha man gyada ne. Man gyada fa, jama'a! Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana hangen ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyada ke ko'ina, man ƙasa kuwa sai an yo dakonsa daga nesa. Shi Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, da yake ba da labarin daga baya, ya nuna cewa injin ya yi aiki lafiya lau, har 'yan kallo kaɗan ne suka gane abin da yake sha.

To, amma ɗanyen man tsirrai yana da kauri, injinan yau ba sa jure masa. Sai a haɗa shi da sinadarin metanol da soda, giliserin ya kwanta a ƙasa, man inji ya taso sama. Nan ne ruwa ke fara ɓarna. Matan da ke haɗa sabulu a gida sun riga kowa sani: mai da soda da ruwa, sabulu ke nan. Idan man da za a sarrafa yana da ruwa, kamar ragowar man suya na gidajen abinci, maimakon man inji sai a wayi gari da tukunyar sabulu mai yauƙi. Shi ya sa ake dafa man tukuna, ya wuce digiri 100, ruwan ya fice.

Yadda ƙananan masu haɗa man ke gane ya bushe kuwa ya burge ni. Su ɗora ƙarfe a wuta ya yi zafi, su ɗiga man a kai. In ya yi tsit, madalla. In ya fara tartsatsi yana ƙara, tas-tas-tas, kamar yadda kaskon mai ƙosai ke yi idan ruwa ya faɗa ciki, to da sauran aiki. Kunne ne ma'auninsu.

Sai kuma abin mamaki. Bayan duk wannan gudun ruwa, idan an gama haɗa man, da ruwa ake wanke shi! Ana yayyafa masa ruwa a hankali don ya kwashe ragowar sabulu da soda da metanol. Daga nan sai a sake komawa shanya.

Ruwan da ya kwanta a gindin tanki ba shi da wuya, tunda ya fi mai nauyi. A bar shi ya natsu, a buɗe famfon ƙasa a tsiyaye. A gidajen mai akwai wani sinadari mai kauri da ake shafa wa sandar awo, in ya taɓa ruwa sai launinsa ya sauya. Wanda ya gauraya har man ya yi duhu-duhu, shi ma ido na ganinsa. Matsalar tana ga wanda ya narke a ciki, man ya yi garau, ruwa kuwa na nan. Biyodizal yana zuƙar danshi daga iska ninkin-ba-ninkin abin da dizal na ƙasa ke zuƙa. Ƙa'idar Turai, EN 14214, ta ce kada ruwan ya wuce miligiram 500 a kilo guda. In sake faɗa: miligiram 500, wato rabin giram. Dizal na ƙasa kuwa 200 aka yarje masa. Auna irin wannan sai ɗakin gwaji, da dabarar da wani Bajamushe, Karl Fischer, ya fitar a 1935.

In aka yi sake, tanki ya yi tsatsa, nozul ya lalace, kuma a daidai inda ruwa da mai suka haɗu ƙwayoyin cuta su yi gida, su haifar da baƙin yauƙi ya toshe filta. Janareta ya riƙa tari yana mutuwa, a yi ta zargin bakanike.

Ni dai ina da ja game da 'yan kwalaben da ake tallatawa wai suna cinye ruwa. Ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. Waɗansunsu cakuɗa shi suke yi da man, su raka shi har bakin nozul.

Lokaci ya cim mana, sai in taƙaita. Don raba man da ruwa, manyan masana'antu suna dumama shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko su wujijjiga shi a na'ura ruwan ya ware, ko su bi da shi ta cikin ƙwayoyin silika masu shan danshi. Kai kuma mai babbar mota ko janareta, kada ka bar tanki rabi ya kwana a damina, domin raɓa na taruwa a jikin bangonsa, kuma ka riƙa tsiyaye ƙoƙon da ke ƙarƙashin filta.